Ɗurin Bindigar Sallah: Awo Kafin Amo

Duk wanda ya tashi a ƙauyukan arewacin Kano, daga Ungogo zuwa Minjibir, daga Dawakin Tofa zuwa Dambatta, ya san ƙarar bindigar Sallah tun kafin ya san mai buga ta. Ita ke shaida wa gari cewa hakimi ya fito, ita ke raka shi filin idi, ita kuma ke maido shi ƙofar gida. Yara su toshe kunnuwa suna tsalle, mata su rangaɗa guɗa daga bayan danga, farin hayaƙi ya turnuƙe kan dawaki. Iyakar abin da jama'a ke gani ke nan. Abin da ba a cika lura da shi ba shi ne aikin da ya riga ƙarar: hannun da ya auna, ya ɗura, ya danna, da idon da ya duba ƙarfe ya tabbatar zai ɗauki abin da aka ba shi. Wannan aiki sana'a ce mai zaman kanta, kuma a cikin sana'o'inmu na gado kaɗan ne suka kai ta buƙatar natsuwa.

Yadda bindiga ta shigo fada

Bindiga ba baƙuwa ba ce a Kano. Littafin tarihin sarakunan Kano, wanda wani Bature mai suna Palmer ya fassara zuwa Turanci a 1908, ya nuna cewa a zamanin Sarki Kumbari, wanda ya yi mulki daga 1731 zuwa 1743, aka shigo da garkuwoyi da bindigogi daga ƙasar Nufe. Ya kuma nuna cewa Babba Zaki, wanda ya yi sarauta daga 1768 zuwa 1776, shi ne sarkin da ya fara ajiye rundunar masu bindiga suna tsaron lafiyarsa. Ashe ke nan mutanen da muke gani gaban sarki ranar hawa, da bindigoginsu a saɓe, sun gaji aikin da ya haura shekara 250 a fadar Kano.

Duk da haka, har kusan ƙarshen ƙarni na 19 doki da mashi da kwari da baka su ne ƙarfin yaƙi a ƙasar Hausa. Bindiga tana da tsada, albarushi yana da wuyar samu, ɗuri kuma yana cin lokaci. Maƙwabtanmu na arewa ne suka fi mayar da hankali a kanta. A Damagaram, Sarki Tanimu, wanda ya rasu a 1884, ya tara maƙera a Zinder suna ƙera igwa suna haɗa albarushi. Da wannan ƙarfi ne Damagarawa suka kutso ƙasar Kano ta arewa a ƙarshen shekarun 1890, zamanin Sarkin Kano Alu, aka gwabza a wurare irin su Gezawa da Tattarawa. Gonakin da ake noma gero da gyaɗa a cikinsu yau sun taɓa shan hayaƙin albarushi na gaske.

Turawa kuwa sun riga sun ɗaure tamau. A yarjejeniyar da suka ƙulla a birnin Burasels a 1890 sun hana sayar wa mutanen mafi yawan Afirka bindigogin zamani, suka bar musu tsofaffin da ake ɗurawa ta baki. Ranar 3 ga Fabrairu, 1903, da dakarun Turawa ƙarƙashin Kanar Morland suka fasa ganuwar Kano, bambancin makaman biyu ya fito fili. Daga nan bindigar gargajiya ta bar fagen yaƙi, ta koma hannun mafarauta da hannun fada. A fada ta zama muryar sarauta: a buga ta ranar naɗi, a buga ta idan an ga wata, a buga ta idan sarki ya fita ko ya dawo.

Bindigar da mai ita ne masana'antarta

Don a gane girman wannan gwaninta, sai an san bambancin bindigar zamani da ta gargajiya, wadda wasu ke kira adaka, wasu bindigar toka, wasu baushe. Harsashin zamani dunƙule yake zuwa. A cikin kwanso ɗaya na tagulla an riga an zuba albarushi daidai awo, an toshe baki da dalma, an dasa abin kunna wuta a gindi. Masana'anta ta gama lissafi, mai harbi sakawa kawai zai yi. Adaka ba ta san kwanso ba. Bututun ƙarfe ne rufaffe ta gindi, da ɗan rami ƙarami inda wuta ke shiga, da kunama, da ƙotar itace. Duk abin da injin masana'anta ke yi sau ɗaya a cikin ɗaki mai tsabta, mai adaka shi zai yi da hannunsa a tsakiyar ƙura da hayaniya, kuma duk bugu ɗaya sai ya sake shi daga farko.

Tsofaffin bindigogin da ƙanƙara suke tashi: dutsen ya ƙyasta ƙarfe, tartsatsi ya faɗa kan albarushi. Bayan da wani limamin coci ɗan ƙasar Sikotland mai suna Alexander Forsyth ya yi rajistar dabarar kunna wuta da duka a 1807, sai aka samu 'yar hular jan ƙarfe da kunama ke sara. Irin wannan ce ta fi yawa a hannun mutanenmu yanzu.

Bindigar Sallah ba a sa mata dalma ko ƙarfe. Albarushi ne da toshi kawai, domin amo ake nema da hayaƙi. Amma kada wannan ya ruɗi kowa. Wutar da ke fita daga bakinta tana ƙona fuska, toshin da ke tashi yana fasa ido, bututun da aka ɗora wa abin da ya fi ƙarfinsa kuwa yana tarwatsewa a hannun mai riƙe da shi.

Awo shi ne uwar sana'ar

Abu na farko da gwani ke yi shi ne tabbatar da cewa bindigar babu komai a cikinta. Ba ya leƙa bakinta da ido. Sandar ɗuri yake zurawa, domin ya riga ya yi mata shaida a daidai inda take tsayawa idan bututu fayau yake. In sandar ta tsaya sama da shaidar, to akwai tsohon ɗuri a ciki. Ɗuri a kan ɗuri yana cikin manyan abubuwan da ke fasa bindiga, kuma a cikin ruɗanin hawa, inda bindiga goma ke tashi lokaci guda, mutum yana iya zaton tasa ta tashi alhali ba ta tashi ba. Gwani ba ya dogara da kunnensa a nan. Sandar yake tambaya.

Sai awo. Kowace bindiga da cikinta. Kaurin ƙarfenta, faɗin bututunta, shekarunta da irin wahalar da ta sha, su ke yanke abin da za ta iya ɗauka. Saboda haka gwani yana da ma'auninsa na wannan bindigar ita kaɗai, ba ya aron na wani, ba ya ƙarawa don abokinsa ya fi shi ƙara. A nan ne ake gane dattijo da yaro. Yaro yana son tasa ta fi ta kowa tsawa, 'yan mata su waiwayo. Dattijo ya san cewa ƙarar da ta wuce awo bashi ce ake ci a wurin ƙarfe, kuma ranar biya ba ta sallama.

Ba a zuba albarushi kai tsaye daga ƙaho ko gora zuwa bakin bindiga. Sai an juye a ma'auni, an rufe gorar, sannan a zuba. Dalili shi ne bayan bugu wani lokaci ɗan garwashi yakan maƙale a cikin bututu, daga guntun tsumman da bai gama ci ba. In sabon albarushi ya same shi, nan take zai kama. Idan awo ɗaya ne ya kama, an tsira da ƙunar yatsa. Idan gora ce gaba ɗaya a bakin bindigar, sai dai a yi salati. Shi ya sa za ka ga mai ɗuri ya kafa gindin bindiga a ƙasa, ya karkatar da bakinta nesa da fuskarsa da ta maƙwabcinsa, ya riƙe sandar ɗuri da 'yan yatsu ta gefe, bai taɓa dafa tafin hannunsa a kanta ba.

Daga nan sai toshi, a tura shi har ya zauna daram a kan albarushi. Barin sarari tsakaninsu haɗari ne, domin yana iya kumbura bututu ko ya tsaga shi. Gwani yana jin zaman toshi a hannunsa, yana kuma jin sa a sautin sandar. Abin kunna wuta shi ne na ƙarshe, ba a ɗora shi sai an zo bugawa. In kuma aka ja kunama bindiga ta yi shiru, ba a sauke ta a duba. A bar bakinta a sama, a jira, domin albarushin da ya sha sanyi yakan yi nawa kafin ya kama. Nan ne za ka ji babba yana cewa na bayansa: "Kai yaro, riƙe ta a sama! Ba ta fasa ba, tunani take yi."

Akwai doka guda da ba ta da sassauci ko kaɗan: ba a zuba wa adaka garin da aka farke daga harsashin zamani. Wannan garin, wanda Bafaranshe Paul Vieille ya ƙirƙiro a 1884, ba ya hayaƙi sosai, amma matsin da yake haifarwa ya ninka na baƙin albarushi nesa ba kusa ba. An yi shi ne don ƙarfen masana'anta da aka gwada. Bututun maƙera ba zai jure shi ba.

Ƙasar da babu gefen banza

Abin da ya ƙara wa gwanayen wannan yanki daraja shi ne irin ƙasar da suke aiki a cikinta. Karkarar da ke kewaye da birnin Kano tana cikin mafi cikar jama'a a Afirka ta Yamma, har masanin ƙasa Michael Mortimore ya shafe shekaru yana nazarin yadda manomanta ke noma gona ɗaya kowace shekara ba hutu, da taimakon taki da bishiyoyin gawo da ɗorawa. A nan gona tana jingine da gona, gida yana hango gida. Babu dajin da za a juya wa bindiga baki a ce babu kowa. Ko'ina ka nufa akwai rumbu, ko tarin kara, ko akuya a turke, ko yaro a kan katanga.

Saboda haka mai bindiga a Kunya ko Bichi ko Makoda dole ya san iska kamar yadda ya san awo. Toshin da ya fita yana ci da wuta yana iya sauka a kan jinka ko dangar kara, kuma da rani abin da ƙyastu ɗaya zai yi wa unguwa ba ya faɗuwa. Dole ya san tazarar da zai bari tsakaninsa da dawaki, ya san dokin da ya saba da ƙara da wanda aka fara fitowa da shi bana. Dole ya karanci taro, ya ga inda yara suka yi cincirindo, ya jinkirta bugu har a wuce wurin. Mutane suna yaba wanda bindigarsa ta fi amo. Ni na fi yaba wanda ya ɗaga tasa, ya hangi wata tsohuwa ta ratso hanya, ya sauke ba tare da kowa ya lura ba.

Sannan ga yanayi. Sallah tana matsowa da kimanin kwana 11 kowace shekara, ta zagaye damina da kaka da hunturu da bazara a cikin shekara 33 ko kusa da haka. Baƙin albarushi yana shan laima. Wanda ya koyi sana'ar a Sallar hunturu, lokacin da komai ya bushe ƙayau, sai ya sake koyo idan Sallah ta faɗo cikin Agusta: yadda za a adana gora, yadda za a kare ramin wuta daga yayyafi, yadda za a yi haƙuri da bindigar da ke nawa. Mutum bai cika gwani ba sai ya ga Sallah a kowane yanayi, wannan kuwa aikin rabin rayuwa ne.

Bayan an watse, kowa ya tafi cin tuwon Sallah, shi aikinsa bai ƙare ba. Tokar albarushi tana jawo danshi, tana cin ƙarfe daga ciki inda ido ba ya gani. Sai an wanke bututu da ruwan zafi, an busar da shi sarai, an shafa mai, an rataye bindigar inda yara ba sa kaiwa, albarushi kuma a wani wuri dabam nesa da murhu. Bindigar da ta fashe ranar Sallah, sau da yawa tun Sallar bara ta fara fashewa, ranar da aka jingine ta ba wanki.

Hannun maƙeri

Mai bindiga ba ya rabuwa da maƙeri. Kano kuwa garin ƙira ne tun asali. Tarihin baka ya ce maƙera ne daga Gaya, Abagayawa, suka zo Dutsen Dala neman tama, kuma binciken masana ya gano alamun narkar da ƙarfe a wurin tun wajen ƙarni na 7. Har yau ana rarrabe maƙeran baƙi, masu aikin baƙin ƙarfe, da maƙeran fari, masu tagulla da azurfa.

A jikin bindiga ɗaya ilimin biyu ke haɗuwa. Baƙin ƙarfe ake sawa inda ake son ƙarfi da juriya: bututu, kunama, da bakan da ke harba ta. Shi wannan bakan sai an san sirrin wuta da ruwa, domin in ya yi tauri da yawa ya karye, in ya yi laushi ya kasa sara. Tagulla kuwa tana zuwa inda ake son abin da zai lanƙwasu ya rungume, ba ya tsatsa: zobban da ke ɗaure bututu da ƙota, liƙin ƙananan sassa, da adon da ke ƙyalli a rana. Maƙerin kirki yakan ƙwanƙwasa bututu ya saurara, ya bi shi da yatsa yana neman kumburi, in ya ga abin da bai gamshe shi ba ya ce: "Malam, wannan ta gama aikinta, a rataye ta." Wannan kalma ta fi kowane gyara tsada, domin rai take saya.

Darasi ɗaya daga nesa

Wani zai ce wannan duk tsohon yayi ne. To, a dubi Amurka, inda doka ta yarda mutum ya sake ɗura kwanson harsashinsa a gida. Masu wannan sha'awa sukan tattara kwanson da aka harba, su wanke, su duba tsaga, su matse shi ya koma girmansa, su auna gari a kan sikelin da ke gane bambancin da bai wuce nauyin ƙwayar gero ba. Tagulla suke so, wadda aka haɗa da kashi 70 na jan ƙarfe da kashi 30 na tutiya, saboda idan wuta ta tashi takan buɗe ta toshe duk wata kafa, sannan ta ɗan koma ta fita salin-alin. Rauninta a gindi yake, inda matsi ya fi tsanani.

Don magance wannan ne kamfanin SIG Sauer ya fito da kwanso mai jiki biyu: gangar jiki ta tagulla, gindi na ƙarfen da ba ya tsatsa. Da shi harsashin yana jure matsin da ya kai fam 80,000 a kan kowane murabba'in inci, alhali irin su .308 da aka saba da su iyakarsu wajen 62,000. A watan Afrilu na 2022 rundunar sojan ƙasa ta Amurka ta zaɓi wannan harsashi mai faɗin milimita 6.8 don sababbin bindigoginta. Masu sake ɗuri kuma sai aikinsu ya ƙaru: ga mahaɗar ƙarfe biyu da za a riƙa dubawa, ga gindin da ba ya saurin nuna alamar wahala kamar tagulla, don haka ba a jiran kwanso ya yi gargaɗi, awo ake bi sau da ƙafa.

Hausawa sun ce ƙarfe ɗaya ba ya amo. Injiniyan da ya ɗora tagulla a kan gindin ƙarfe da maƙerin da ke zaune gaban zugazugi a kasuwar Dambatta tambaya ɗaya suke amsawa: wane ƙarfe ne ya dace da wane wuri, kuma ina iyakarsa? Kayan aikinsu sun sha bamban, amma ladabin ɗaya ne.

Gado da doka

A Nijeriya doka ba kamar ta Amurka take ba, kuma wajibi ne a faɗa. Dokar bindigogi ta 1959 ta haramta ƙera bindiga ko harsashi ba tare da izini ba, ta kuma ba kwamishinan 'yan sanda na jiha ikon hana riƙe ko da bindigar da ake ɗurawa ta baki ce sai da lasisi. A wannan zamani da ƙauyuka da yawa a Arewa ke kwana da ido ɗaya saboda ɓarayin daji, babu mai hankalin da zai nemi a sassauta wannan. Gwanayen da nake magana a kansu ma ba a ɓoye suke aiki ba. Suna ƙarƙashin Sarkin Bindiga ko wani shugaba da fada ta sani, dagaci ya san gidajensu, kuma ba sa miƙa wa yaro bindiga sai ya daɗe yana ɗaukar gora, yana wanki, yana kallo. Gado ba karambani ba ne.

A watan Disamba na 2024 hukumar UNESCO ta sa hawan Sallar Kano cikin jerin al'adun duniya da ya kamata a kiyaye. A al'ada wannan hawa yakan kai har Fanisau, arewa da birni, garin da wani Bature matafiyi mai suna Clapperton ya iske Sarki Ibrahim Dabo a 1824. Idan ana maganar kiyaye hawa, hankali yakan tafi ga dawaki da alkyabba da algaita. Ya kamata a tuna da masu bindiga. Kira nake yi ga masarauta da hakimai su rubuta sunayensu, su taimaka musu da lasisi, su sa maƙeri amintacce ya duba kowace bindiga kafin kowace Sallah, su kuma ba dattawan cikinsu dama su koyar da matasa a fili, bisa tsari. Ku kuma matasa masu sha'awar wannan aiki, ku fara da wanki da riƙon gora, ku saurari na gaba da ku. Gwanin bindiga shi ne wanda ya tsufa a cikin sana'ar da yatsunsa goma da idanunsa biyu, bai taɓa raunata kowa ba.